HANA YARO NONO DA ALKAMA: GARIN NEMAN ƘIBA KADA A SAMO RAMA

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Turai da Amurka, yanzu kuwa tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, babu sauran shinge tsakaninta da ƙauyukanmu. Maganar ita ce, wai yaron da ke da larurar nan da likitoci ke kira otizim, in aka hana shi cin alkama da duk abin da aka yi da ita, aka kuma raba shi da madara da nono, to, zai sami sauƙi. Waɗansu ma har cewa suke yi zai warke sarai. Mun ga ya kamata mu tsaya mu auna wannan magana da mudun ƙasarmu, musamman ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda gero da nono suke riƙe da ran talaka. Da ku muke, malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi da na hakimai, don kuwa ku ake kawo wa takarda ko waya a ce, "Malam, duba mana, mene ne gaskiyar wannan?" Abin da kuka faɗa kuwa shi za a ɗauka a kai cikin gida.

Mece Ce Larurar?

Wani likitan yara a birnin Baltimore na Amurka, mai suna Leo Kanner, ya bayyana ta a rubuce cikin 1943, bayan ya lura da yara 11. A gidajen rediyo ana ce mata galahanga, ko da yake wannan suna yakan haɗa larura iri iri. Alamunta kuwa ga su. Yaro ba ya son haɗa ido da mutane. A kira sunansa ya yi kamar kurma, alhali kunnensa garau yake. Magana takan yi masa jinkiri, ko kuwa ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Ya fi son wasa shi kaɗai, yana jera duwatsu ko yana kaɗa hannu, in kuwa aka sauya masa abin da ya saba, sai ya yi ta kuka ba lallashi. Larurar hawa hawa ce. Wani har ya girma bai yi magana ba, wani kuwa ya fi duk 'yan ajinsu lissafi, zaman mutane kaɗai ke ba shi wuya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2023 cewa kamar yaro 1 cikin 100 yana da ita. In an bi wannan lissafi, garin da ke da yara 500 ba a rasa kamar 5 ba. Ta fi yawa ga maza. Wani babban bincike da aka buga cikin 2019, wanda ya bi bayanin mutum wajen miliyan 2 a ƙasashe 5, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na sanadinta gado ne. An same ta a ƙasashen masu cin alkama, an same ta a na masu cin shinkafa, an same ta a na masu cin masara.

A nan wajenmu kuwa, mun san sunayen da akan laƙaba wa irin wannan yaro. Wani ya ce iska ce, wani ya ce ɗan ruwa ne, wani ya ce sammu aka yi wa uwar. Iyaye su yi ta yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, a sayar da akuya, a sayar da tunkiya. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Shi ya sa duk wanda ya zo musu da zancen waraka, balle a ce daga Turai ya fito, za a buɗe masa ƙofa.

Inda Zancen Ya Samo Asali

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. A cikin madara kuma akwai wani da ake kira kasin, shi ne wanda ke daskarewa in madara ta kwana ta zama kindirmo. Cikin 1979 wani masani a Amurka, Jaak Panksepp, ya kawo zaton cewa halin yara masu otizim ya yi kama da na dabbar da aka ba ƙwaya mai sa maye. Daga baya wani likita a ƙasar Norwe, Karl Reichelt, ya ɗora a kan wannan zato. Ya ce hanjin waɗannan yara ba ya narkar da gulutin da kasin sosai, sai gutsattsarinsu su ratsa hanji su shiga jini, su hau ƙwaƙwalwa su yi aiki irin na ƙwaya. Ya ce ana ma iya ganin gutsattsarin a fitsarin yaran.

Zance ne mai daɗin ji, don kuwa ya nuna wa uwa abin da za ta iya yi da hannunta a ɗakin girki. Amma cikin 2008 likitoci a Birtaniya suka auna fitsarin yara maza 65 masu larurar da na waɗansu 158 marasa ita, da na'ura mai kaifi ƙwarai, ba su sami gutsattsarin nan ba. Tushen da aka kafa ginin a kansa ke nan ya girgiza.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

Kafin mu kawo sakamakon gwaje-gwajen, sai mun yi bayanin yadda masana ke tantance magani. Uwar da ta sha wahalar girki biyu kullum, ta kashe kuɗi, ta sa rai, idonta zai nuna mata sauƙi ko da babu. Ga shi kuma yaro girma yake yi, abin da bai iya ba bara yakan iya bana, ko an hana shi alkama ko ba a hana shi ba. Saboda haka gwajin da aka fi amincewa da shi shi ne wanda iyaye ba su san abin da ke cikin abincin ba, mai auna yaron shi ma bai sani ba, sai an gama a buɗe littafi.

To, a Norwe cikin 2002 an gwada yara 20, a Denmak kuma cikin 2010 an gwada 72. A duka biyun an ba da labarin ɗan sauƙi ta waɗansu fuskoki, amma a duka biyun iyaye sun san wane yaro ne aka hana. Da aka rufe wa kowa ido, sai labari ya sha bamban. A jihar Florida ta Amurka cikin 2006 an ciyar da yara 15 mako 12, rabin lokacin da abinci mai alkama da madara, rabin da wanda babu, ba a ga bambanci ba. A birnin Rochester, a gwajin da aka buga cikin 2016, an fara raba yara 14 da alkama da madara ƙaf, sa'an nan kowane mako a ba su ɗan abin taɓawa, wani sa'i da alkama a ɓoye, wani sa'i da madara, wani sa'i da duka biyun, wani sa'i babu ko ɗaya. Aka bi halinsu da barcinsu da bayan gidansu, ba abin da ya motsa. Cikin 2021 masana a Denmak suka tattara gwaje-gwaje 6 suka auna su gaba ɗaya, suka ce ba su ga amfanin hanin ga alamun larurar ba. Tun 2013 ma hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jiyya ta ce kada a yi amfani da wannan hani don maganin ainihin otizim.

Gaskiya ne gwaje-gwajen nan ƙanana ne, ba wanda zai dafa littafi a kansu ya rantse cewa babu yaro ko ɗaya a duniya da zai amfana. Amma shekara fiye da 40 ana nema, ba a sami hujjar da za a ce wa kowace uwa ta bi ba.

A Auna Da Mudun Gumel

Hanin nan rabi biyu ne, kuma a ƙasarmu rabin nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

Rabin farko shi ne alkama. Jama'a, gero ba shi da gulutin. Dawa ba ta da shi, haka masara da shinkafa da wake da rogo da gyaɗa da riɗi. Yaron ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar wanda ya karya da koko da ƙosai, ya sha fura da rana, ya ci tuwon gero da miyar kuka da dare, ai tuni yana kan abincin da Ba'amurke ke biyan kuɗi mai yawa ya saya. Alkama a wajenmu tana cikin burodi da taliya da gurasa da fanke da alkaki da finkaso da cincin da biskit, da ɗanwaken da aka sa wa fulawa. Cin waɗannan yana ƙaruwa a cikin gari, nomanta ma yana ƙaruwa, ga shi a watan Nuwamba 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin noman alkama na rani a ƙasar Haɗeja, maƙwabciyar Gumel. Duk da haka, gidan da ya bar alkama a nan bai yi babbar hasara ba, muddin akwai hatsi a rumbu. Hasarar tana wajen wanda za a ruɗa ya sayi garin kwali na kanti da tsada, don an rubuta a jikinsa wai babu gulutin, alhali geron gonarsa haka Allah Ya halicce shi.

Rabi na biyu shi ne nono, a nan kuwa muke jin tsoro. Ƙasar Gumel ƙasar dabbobi ce. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da ko'ina. Amma talaka ya san nama sai ran salla ko ran suna, ƙwai kuwa yawanci kasuwa ake kai shi. Abin dabba da ya fi shiga cikin yaron talaka a kai a kai shi ne ludayin nonon da Bafillatana ta zuba masa a fura. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Jigawa sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Nijeriya gaba ɗaya 37 ne cikin 100. A irin wannan wuri ne za a ce a ɗauke nono?

Madara ita ce babbar hanyar samun kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Kofi guda yana ɗauke da wajen miligiram 300. Likitoci a Jos sun buga wani bincike cikin 1999 a kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, irin wanda ke sa ƙafa ta yi baka ko gwame. Sun tarar abin da yaran ke samu na kalsiyam a yini bai wuce wajen miligiram 200 ba, kuma da aka ba su kalsiyam sai ƙashin ya warke. Ga rana isasshiya a ƙasarmu, abin da ya gaza abinci ne. A Amurka ma, inda abinci ya wadata, an auna ƙashin yara maza 75 masu otizim cikin 2008, aka tarar na waɗanda aka hana madara ya fi na sauran siranta.

Ƙari a kan wannan, yaro mai otizim mai tsananin zaɓen abinci ne. Bincike ya nuna wahalar ciyar da su ta ninka ta sauran yara wajen sau 5. Akwai wanda in ba fura da nono ba, ba ya buɗe baki. In aka ɗauke masa ita, ba tuwo zai koma ba, yunwa zai zauna da ita. In kuwa tamowa ta kama shi aka kai shi asibiti, abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa da gyaɗa da garin madara da mai da sukari aka haɗa shi. Da irinsa ne Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 a Nijar cikin yunwar 2005, yawancinsu a jihar Maraɗi. Uwar da aka cusa wa tsoron madara tana iya karɓar ledar nan ta ɓoye, ta hana ɗanta abin da zai ceci ransa.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi wannan ɓoyuwa. Alamun otizim sukan fito fili ne tsakanin wata 18 da shekara 2, daidai lokacin da ake yaye a ƙasar Hausa. Da ma can in yaro ya canza a wannan lokaci, tsofaffi sukan ce nonon uwar ne ya ɓaci, ko kuwa ya sha ciki. In sabon zance ya zo ya tarar da tsohon zato, sai su ɗaure wa juna gindi, a cire ƙanensa daga nono tun lokaci bai yi ba don gudun kada shi ma ya kamu. Shayarwa shekara 2 ita ce addini ya ambata, ita ce kuma likitocin duniya suka yi horo da ita. Haɗuwar lokaci ce kurum, nonon uwa ba shi da laifi.

Inda Hanin Yake Da Hujja

Kada a ce mun ce babu yaron da alkama ko madara ke cutarwa. Akwai. Akwai ciwon hanji da ake kira siliyak, wanda gulutin ke cinye wa mai shi bangon hanji, ya yi ta zawo, ciki ya kumbura, jiki ya rame. Wani likitan Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da haka, bayan ya ga yaran da ke da ciwon sun murmure cikin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yanke, suka kuma koma ciwo da burodi ya dawo. Yana kama kamar mutum 1 cikin 100 a duniya. A Afirka ma akwai shi, don cikin 1999 an same shi a jikin fiye da 5 cikin 100 na yaran Sahrawi da ke zaman gudun hijira a Aljeriya. Mai wannan ciwo dole ya bar alkama har iyakar ransa, ko yana da otizim ko ba shi da ita. Amma da awon jini ake gane shi, kuma sai yaro yana kan cin alkama awon ke nunawa. Wanda ya riga ya hana kafin a auna ya ɓata wa likita sawu.

Haka kuma akwai yara 'yan kaɗan da jikinsu ke ƙin madarar shanu, su yi ƙuraje ko amai ko kumburi. Akwai kuma waɗanda cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara. Wani awo da aka yi a Nijeriya cikin 1971 ya nuna yawancin Fulanin daji suna narkar da shi har girmansu, yawancin Yarbawa kuwa ba sa iyawa. Irin waɗannan sau da yawa kindirmo da nono mai tsami ba sa damunsu kamar ɗanyar madara, don tsamin ya rage sukarin.

Ciwon ciki da taurin bayan gida da zawo sun fi yawa ga yara masu otizim, wajen ninki 4 na sauran yara. Yaron da ba ya iya cewa cikinsa na ciwo, da ihu da buga kai zai faɗa. In aka gano abin da ke damunsa, ko tsutsar ciki ce, ko taurin bayan gida, ko wani abinci, aka yi maganinsa, zai natsu, ya yi barci, ya fi karɓar koyarwa. Wannan sauƙi na gaske ne, kuma muna zaton shi ne asalin labarai da yawa da ake bayarwa na waraka. Ciwon cikin ne ya tafi, larurar tana nan.

Abin Da Muke Roƙo

Malam, in uba ya zo maka da wannan zance, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka ce masa ya je ya gwada kawai. Ka ce ya fara kai yaron Babban Asibitin Gumel, a duba kunnensa, a auna nauyinsa da tsawonsa, a bincika cikinsa, in da bukata a tura su Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In iyaye sun nace sai sun gwada, to, a yi da sanin likita, a kuma ɗauki abu ɗaya ɗaya. A fara da alkama, tun da barinta ba ya rage yaro da kome a nan. A yanke makonnin da za a yi, a sami littafi a riƙa rubuta barcinsa da bayan gidansa da kalmomin da yake faɗa, a kuma bar malamin ajinsu cikin rashin sani don a sami shaidar da ba ta da son rai. In wa'adi ya cika ba a ga kome ba, a mayar masa da abincinsa. Nono kuwa kada a taɓa shi sai likita ya ga dalili, in ya gani kuma sai ya faɗi abin da zai maye gurbinsa, kamar ƙwayar kalsiyam, da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, da kuka da zogale da riɗi da wake. Yaron da ya riga ya rame ba a yin wannan gwaji a kansa ko kaɗan.

Abin da aka tabbatar yana taimakon waɗannan yara shi ne koyarwa tun da wuri, da haƙuri, da maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a taro da ziyara 3 a gida, inda ake nuna wa uwa yadda za ta mai da wanka da cin abinci da wasa su zama darasin magana. An gwada shi a Habasha da Kenya, kuma an tsara shi ne yadda wanda ba likita ba zai iya koyar da shi. Muna ganin Kwalejin Ilimi ta Gumel da sassan lafiya na ƙananan hukumomin nan 4 suna iya ɗaukar wannan aiki, in Gwamnatin Jiha ta tsaya musu, Mai Martaba Sarki da hakimai da dagatai kuma suka sa baki a fito da yaran daga ƙuryar ɗaki. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta ba su haƙƙin ilmi kamar kowa. Kada shugaban makaranta ya kori yaro don ba ya zama wuri ɗaya, a nema masa kujera a gefe inda hayaniya ta yi sauƙi. Ranar 2 ga Afrilu kuma, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan larura tun 2007, ta isa a tara iyaye a makaranta a yi musu bayani da Hausa.

Kuɗin da za a kashe a kan garin kwali, gara a biya motar zuwa asibiti da shi, abin da ya saura a ƙara wa yaro nono a furarsa. Allah Ya ba iyayen waɗannan yara juriya da lada, Ya raya mana zuriya cikin lafiya, amin.